Darasin Wata: Awo da Mudu Biyu

Karatu: Farawa 38:12-26, Misalai 20:10, Yohanna 8:1-11.

Da yawa cikinmu muna da labarin Yaƙin Bama, inda sojojin ƙasarmu suka kara da Japanawa. Amma abin da ya sami matan Japan bayan an ajiye bindiga, kaɗan ne suka ji shi. A kansa za mu yi nazari a wannan wata.

1. Abin da ya faru

Japan ta ba da kai ran 15 ga Agusta, 1945. Ƙasa ta lalace, garuruwa sun ƙone, ga gwauraye da marayu, ga yunwa. Sojojin Amurka da na abokansu suna kan hanya za su zauna a ƙasar. Ran 18 ga watan, hukumar Japan ta umarci 'yan sanda su shirya wa baƙin nan gidajen karuwai. Hujjar manya ita ce, waɗannan mata za su zama ganuwa, su tsare mutuncin 'ya'yan manyan gida. Aka yi shela ana neman mata ma'aikata, za a ba su abinci da tufafi da wurin kwana. Waɗansu sai da suka shiga suka gane irin aikin.

A lokacin kuwa rundunar Amurka a rabe take, baƙar fata dabam, farar fata dabam. Har gidajen nan ma an raba waɗansu bisa ga launin fata.

Ciwon sanyi da tunjere suka yi yawa cikin soja. A watan Maris, 1946, aka hana soja shiga gidajen, matan suka watsu kan titi hannu wofi. Mutane suka laƙaba musu suna "panpan" don reni. 'Yan sanda suka riƙa kamun mata a hanya, suna kai su asibiti a duba su tilas, har da waɗanda suke komawa gida daga aikinsu na halal. Zaman sojan mulki bai ƙare ba sai Afrilu, 1952.

2. Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Mu duba Yahuda. Shi ne ya ratse wurin Tamar, yana zato karuwa ce. Shi ne kuma ya ce a ƙone ta da ya ji tana da ciki. Sai da ya ga hatiminsa da sandansa ya yarda ta fi shi gaskiya. Haka kuma waɗanda suka jawo mace gaban Ubangiji Yesu: ita kaɗai suka kawo, alhali Attaura ta ɗora hukunci a kan namiji da mace duka. Ina namijin?

Wannan shi ne awo da mudu biyu, abin ƙyama ne ga Allah. Manyan da suka shirya gidajen sun zauna da girmansu. Soja ya hau jirgi ya koma garinsu. Kunya duka ta faɗa wa macen da yunwa ta kora. Yesu bai ce zunubi ba kome ba ne, gama ya gargaɗi macen ta bar shi. Amma sai da ya sa masu ƙara suka duba zukatansu tukuna.

3. Mace ɗaya mai bi

An haifi yara da yawa ruwa biyu, aka yar da waɗansu. 'Ya'yan baƙar fata sun fi shan reni. Wata Kirista, Miki Sawada, jikar mutumin da ya kafa Mitsubishi, ta ga gawar wani jariri irin wannan a cikin jirgin ƙasa, abin ya tsaya mata a rai. Ta sayar da kayanta, ta roƙi gudummawa, a 1948 ta buɗe gidan marayu a garin Oiso. Kafin rasuwarta a 1980, yara wajen 2,000 sun sami reno a gidan. Ba ta tambayi launin uba ko laifin uwa ba.

4. Mu fa?

Duk inda aka kafa bariki ko sansanin 'yan gudun hijira, gwajin nan yana nan. Kada mu yi saurin nuna Japan da yatsa, gama laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hangi na wani. Sau nawa mukan sa yarinya mai ciki ƙarƙashin horo, wanda ya yi cikin kuwa yana zaune a bencin gaba?

Tambayoyi

1. Me ya sa Yahuda ya janye hukuncinsa?
2. Su wa suka ɗauki kunya a Japan, su wa suka kuɓuta?
3. In mace ta tuba ta bar gidan karuwai, da me za ta ci abinci? Me ekklesiyarmu ta shirya mata?
4. Yaya muke kiran yaron da ba a san ubansa ba? Daidai ne?

Abin addu'a: Mu tuna da mata da yara a wuraren yaƙi. Mu roƙi Allah ya ba dattawanmu mudu ɗaya.