Yadda ake jinyar ɗan agwagwar da ƙafa ta gaza

Abin yakan fara ne a sati na biyu ko na uku. 'Yan uwansa suna bin uwa a guje, shi kuwa sai ya yi taku uku ya zauna, ƙafafun suna rawa, gwiwa ta kumbura. Mai kiwo yakan ɗauka taka shi aka yi. Sau da yawa laifin yana cikin kaskon abinci.

Ɗan agwagwa yana girma da sauri, kuma yana bukatar niyasin, wato bitamin B3, fiye da ɗan tsako: kimanin miligram 55 a kowane kilo na abinci. Tsakin masara, wanda shi ne cimar da aka fi ba su a gidaje, yana da niyasin, amma a ɗaure yake, jiki ba ya iya cin moriyarsa. Shi ya sa za a ga cikinsa a ƙoshe, ƙafa kuwa tana lanƙwashewa.

Da farko a ware shi a cikin kwali, wuri mai ɗumi, a shimfiɗa masa buhun algarara ko tsohon tawul. Leda da sumunti mai santsi ƙara buɗa ƙafafun suke yi. A kawo abinci da ruwa dab da bakinsa, ruwan ya kai zurfin da zai tsoma baki har hanci.

Sai gyaran abinci. A haɗa masa da dusar shinkafa, da ɗan garin kifi, da tunkuzar gyaɗa marar gishiri, a dama da ruwa ya yi laushi. A kantin maganin dabbobi akwai garin bitamin na kaji mai ɗauke da rukunin B. A zuba a ruwan sha daidai yadda aka rubuta a jikin ledar, a canza kullum. Kada a ba shi abincin kaji masu ƙwai, alli ya yi masa yawa, yana lalata ƙoda.

Tunkuzar nan tana son lura sosai. In ta yi fumfuna ko tana warin gumi, a zubar. Gubar afalatoksin da ke cikin irinta ce ta kashe talotalo sama da 100,000 a Ingila a 1960, kuma a cikin tsuntsayen gida babu mai saurin faɗuwa da ita kamar ɗan agwagwa.

Sau biyu a rana a sa shi cikin roba mai ruwan ɗumi na minti biyar, hannu na kusa. Ruwa yana ɗauke masa nauyi, ƙafar ta samu motsi. A goge shi ya bushe, ya sha hantsi.

In an kama abin da wuri, cikin 'yan kwanaki zai fara miƙewa. In sati ya wuce babu sauƙi, ko bakinsa ya yi laushi kamar roba, ko ƙafa ɗaya ce kawai ke da zafi, a kai shi wurin likitan dabbobi.