GYARAN DAƁEN SIMINTI NA ƊAKIN AJIYA

Jama'a manoma, a ƙasar Bagwai akwai ɗakunan ajiya da yawa masu tsohon daɓen siminti da ke tsattsafo da ruwa da damina, musamman a watan Agusta. Abin ya fi yawa a gidajen da ke kwari, da na kusa da fadama ko madatsar ruwa ta Watari, wadda aka gama a 1980, domin a can ruwan ƙasa ba shi da nisa.

Danshi ɓarna ne. Gero da dawa su yi fumfuna, takin zamani ya dunƙule. Gyaɗa da masara kuwa, fumfunarsu na iya haifar da guba mai lalata hanta.

FARA NEMO HANYAR RUWAN

Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya liƙe tsaga bai tare ruwan waje ba, baɗi ma sai ya sake sayen siminti.

1. Duba indararo. In a gindin bango yake zuba, a ƙara masa tsawo, a sa duwatsu inda ruwan ke sauka.
2. Cika gindin bango da jar ƙasa, a daɓe ta, ta yi gangare zuwa waje.
3. Yashe kwata, ruwa ya sami hanyar wucewa.
4. Da damina, shimfiɗa leda a kan daɓen, ka danne gefunanta sosai, ta kwana. In ka ga gumi a ƙarƙashinta, to daga ƙasa danshin ke tasowa.

LOKACIN AIKI

Da rani, wajen Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasa ta bushe, kaya kuma sun ragu a ɗaki.

IN TSAGA CE KAWAI

1. Ƙwanƙwasa daɓen da guduma. Duk inda ya yi ƙarar rami, a fasa shi.
2. Buɗe tsagar da kurfi, zurfin inci 1.
3. Share ƙura tas, a jiƙa wurin, amma kada ruwa ya kwanta.
4. Dama siminti zalla kamar kunu, a shafa a cikin tsagar.
5. Kafin ya bushe, cusa kwaɓi: siminti kwano 1, yashi kwano 3. A danna sosai, a goge.

Yashin ya zama mai tsabta, marar laka. Kada a cika wa kwaɓi ruwa; kwaɓi mai ruwa-ruwa shi ne ke tsagewa in ya bushe.

IN DAGA ƘASA DANSHIN YAKE

Faci ba zai yi ba, sai sabon daɓe a kan tsohon.

1. Cike ramuka, a baza yashi kaɗan don kada leda ta huje.
2. Shimfiɗa leda mai kauri. Inda biyu suka haɗu, ɗaya ta hau ɗaya da inci 6. Gefenta ya hau bango, ya wuce tsayin sabon daɓen.
3. Zuba kankare, kaurin inci 3: siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. A nan gara a kira magini.

BAN RUWA

Siminti ba bushewa yake so ba, sha yake so. Rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Zafin bazara na ƙona daɓen da aka bari a buɗe. Kada a mai da hatsi sai bayan mako 4.

KA TUNA

Ko daɓe ya gyaru, kada buhu ya taɓa ƙasa. Jera shi a kan katako ko itace, a bar taku 2 tsakaninsa da bango don iska ta zaga. Hatsi ya bushe sarai kafin ya shiga ɗaki.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.