Rancen Karatu da Albashin Malami: A Yi Lissafi Tukuna

Tun da aka buɗe shafin neman rancen ɗalibai na NELFUND a watan Mayun 2024, tambayar da iyaye suka fi kawo mini, a matsayina na malamin ba da shawara a wata sakandare ta yankin Bichi, ita ce: "Malam, yaron nan malanta yake son karantawa, ya karɓi kuɗin gwamnatin nan ko kuwa?" Wasu ma "kuɗin Tinubu" suke ce masa, kamar dai rabon taki ne. To ba rabo ba ne. Rance ne, da lambar NIN da BVN ɗin yaro ake karɓarsa, kuma doka ta ce a biya.

Sharuɗɗan ba su da tsauri. Babu kuɗin ruwa, wanda shi ne abin da dattawa ke fara tambaya. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ba ya biyowa ta hannun ɗalibi. Sai kuma N20,000 a wata na kashewa, ga wanda ya nema. Mai digiri ba zai fara biya ba sai shekara biyu bayan ya gama bautar ƙasa, sannan a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashinsa.

Yanzu mu ɗauki biro. A misali, mu ce rajista N100,000 ce a shekara. Shekara huɗu ta digiri, N400,000 ke nan. Idan ya haɗa da kuɗin kashewa na wata goma kowace shekara, an ƙara N800,000, bashin ya zama N1,200,000. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano tun ƙarshen 2024 shi ne N71,000, don haka mu ƙaddara sabon malami yana ɗaukar N80,000. Za a cire masa N8,000 a wata. Wanda ya tsaya a kuɗin makaranta zai sauke nauyin cikin shekara huɗu da 'yan watanni. Wanda ya kwashi duka biyun sai ya shafe shekara goma sha biyu da rabi ana cirewa, wato daidai shekarun da zai yi aure, ya yi suna, ya kai 'ya'yansa makaranta. Idan iyaye suka ga wannan a rubuce, da yawa sai su yi shiru, su sake duba takardar.

Saboda haka shawarata kan kuɗin kashewa ita ce a duba inda yaro zai yi karatu. Ɗan Bichi da zai shiga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garinsu, yana cin tuwon gidansu, me zai kai shi ninka bashinsa har sau uku? Amma yarinyar da za ta taso daga Kunchi ko Makoda zuwa Jami'ar Bayero ko Kwalejin Sa'adatu Rimi, ga kuɗin mota ga abinci, ita wannan N20,000 ɗin na iya zama abin da zai hana ta dawowa gida a aji biyu.

Inda na fi ja da iyaye shi ne wajen masu gudun rancen gaba ɗaya. Na san nauyin bashi a addini, ba na raina tsoronsa. Sai dai ku dubi abin da ake yi a madadinsa. Wani magidanci ya zo mini da shirin jinginar da gonarsa don rajistar ɗansa, gonar da ba ta kai kadada ɗaya ba, ita ce rabonsa na gado, daga cikinta gero da dawar gidan ke fitowa. A ƙasarmu gona na jikin gona, babu dajin da za a sare a yi sabuwa, kowane rabon gado kuma sai ta ƙara tsukewa. Gonar da aka jinginar ba kasafai take dawowa ba. Shi kuwa rancen da ba ya haihuwa, N400,000 ɗin da aka karɓa ita za a mayar bayan shekaru, alhali kowa ya ga yadda darajar naira ke zubewa. Tsakanin waɗannan biyu, gonar ta zauna.

Haɗarin gaskiya yana wajen samun aiki. Lissafin da na yi a sama na wanda gwamnati ta ɗauka ne. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yunin 2024, ta kuma mayar da dubban malaman sa-kai ma'aikatan dindindin, amma ku tambayi waɗannan malamai tsawon lokacin da suka yi suna koyarwa a kan ɗan alawus kafin nan. Makarantun kuɗi da nake gani a garuruwanmu, abin da suke biya bai kama ƙafar mafi ƙarancin albashi ba. Doka ta ba wanda bai samu aiki ba damar neman a ɗaga masa ƙafa, amma bashin yana nan a wuyansa.

Shi ya sa darasin da yaro zai zaɓa ya fi komai muhimmanci. Makarantunmu na karkara malamin lissafi, Ingilishi, kimiyya da koyon sana'a suke nema ruwa a jallo, yayin da wasu darussan masu takardarsu sun yi wa gurabe yawa. Sannan ba dole ne a fara da digiri ba. NCE shekara uku ce, ana ɗaukar mai ita a matakin albashi na 7, mai digiri a mataki na 8, kuma da NCE ana shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Malamai da dama da muke aiki tare haka suka yi, suka ƙaro digirin suna cin albashi. Ko wacce hanya aka bi, yaro ya tabbata ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN da zarar ya kammala, domin takardarta na cikin abin da ake tambaya ranar tantancewa.