Mu Kula da Man Akwatin Giya

Kaka ta yi. Tsofaffin motocin a-kori-kura za su riƙa kai gero da wake kasuwa. Direbobinmu na duba man inji kullum, amma sun cika mance man akwatin giya. In ya tsiyaye, haƙoran giya su ci juna, mota ta tsaya da kaya cikin daji.

Ga yadda za mu gane yoyo. Mu shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota, ta kwana. Ɗigon da ya faɗo gaba, yawanci man inji ne. Na tsakiya, daga akwatin giya yake. Galibi robar bayan akwatin ce ta cinye, inda sandar da ke juya ƙafafun baya ta fito. A sake ta. Ƙarin mai kullum asarar kuɗi ce.

Sannan mu tsai da mota a wuri shimfiɗaɗɗe. In ta huce, mu kwance notin gefen akwatin, mu zura yatsa. Wajibi ne mai ya kawo bakin ramin.

Akwatin Toyota Hilux mai kauri yake sha, lamba 90. Na Peugeot 504 kuwa, man inji ake zuba masa. Kada mu musanya su.