Darasi A Kan Tattali: Wayar Hannu Da Cefane

Masu karatu, darasinmu na wannan wata a kan cefane ne. A tsakiyar shekarar 2024 hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ta nuna kuɗin abinci ya hau fiye da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Watau abin da uwargida ta saya naira 1,000 a tsakiyar 2023, a tsakiyar 2024 sai da ta ba da wajen 1,400. Domin wannan ya kamata mu bincika kowace hanya ta rage kashe kuɗi, har da wayar da ke cikin aljihunmu.

Asalin takardar rangwame

Wajen shekarar 1887 kamfanin Coca-Cola a birnin Atlanta na Amurka ya fara raba wa mutane 'yan takardu. Wanda ya kai takardar wurin mai sayarwa, sai a ba shi kofi guda kyauta. Daga baya masu sayar da abinci suka bi sawu, mata kuwa suka riƙa yanko irin takardun nan daga jarida da almakashi. Yanzu takardar ta koma cikin waya, ta zama lamba ko alama wadda ake nuna wa mai kanti.

Iri uku ne

Na fari, manhajar kanti. A Ingila kantin Tesco ya fito da katinsa, Clubcard, a 1995, yanzu kuwa ana iya ɗaukarsa cikin waya. A kan waɗansu kaya akan rubuta kuɗi biyu, na kowa da kowa, da na mai kati, wanda ya fi sauƙi.

Na biyu, manhajar mayar da kuɗi, kamar Ibotta ta birnin Denver a Amurka. Mutum ya zaɓi kaya cikin manhajar, ya saya, ya ɗauki hoton rasit, sa'an nan a mayar masa da 'yan kuɗi kaɗan.

Na uku, manhajar ragowar abinci, kamar Too Good To Go wadda aka kafa a ƙasar Danmak a 2015. Burodi da abincin da bai ƙare ba kafin a rufe kanti, maimakon a zubar, sai a sayar da shi da araha ƙwarai.

A ƙasarmu ma akwai irin wannan. Jumia, wadda ta fara a Legas a 2012, takan ba da lambobin rangwame ga masu saye ta intanet.

Don me mai kanti ke yin haka?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai kanti yana so mu riƙa komowa wurinsa. Yana so kuma ya san abin da muke saye, da ranar da muke saye, domin ya san abin da zai tallata mana gobe. Ashe rangwamen nan ciniki ne: shi ya rage mana kuɗi, mu kuwa mun ba shi labarin gidanmu. Ba laifi ba ne, amma sai mu shiga da idonmu a buɗe.

Ka'idodi huɗu

1. Mu rubuta abin da gida ke bukata tun ba mu buɗe waya ba. Wanda ya sayi abin naira 3,000 da ba ya bukata domin an rage masa 500, bai sami 500 ba, ya yi hasarar 2,500.

2. Mu yi lissafi har ƙarshe. A misali, shinkafa kilo 5 tana naira 10,000 a kanti, aka rage kashi 10 cikin ɗari, ta koma 9,000. In kuɗin kawowa 1,000 ne, ina ribar? In kuwa a kasuwa 8,500 ce, gara mu taka da ƙafarmu.

3. Mu duba ranar lalacewar kaya. Sau da yawa abin da aka karya wa kuɗi kwanansa ya kusa ƙarewa ne. Kada mu sayi abin da ya fi ƙarfin cin gidanmu.

4. Kada mu faɗa wa kowa lambar sirrinmu ta banki, ko lambar nan da banki ke aikowa ta saƙo. Rangwame na gaskiya ba ya tambayar waɗannan. Mai tambayarsu ɓarawo ne.

Ga mu masu awo da mudu

Yawancinmu ba a babban kanti muke cefane ba. Duk da haka waya tana da amfani. Da ita za mu tambayi kuɗin gero ko wake a kasuwar Dawanau ta Kano, ko a kasuwar ƙauye, kafin mu biya kuɗin mota. Da ita gidaje biyar za su shirya su haɗa kuɗi su sayi buhu da kaka, su raba, gama buhu ya fi mudu sauƙi. Maigida da uwargida kuwa su zauna tare su rubuta abin da ya fita kowane mako, gama wanda bai san abin da ya kashe ba, ba zai san abin da ya rage ba.

Tambayoyi

1. Mene ne mai kanti ke samu in ya yi rangwame?
2. Wane abu muka saya a watan jiya wanda ba ya cikin bukatar gida?
3. Da waɗanne maƙwabta za mu haɗa kuɗi a kakar bana?