Reshe da Itace: Zaman Mai Bi Cikin Almasihu

Duk manomin da ya taɓa yi wa mangwaro aure ya san da wuƙa ake fara aikin. Yakan yanko reshe daga jikin uwarsa, ya fere gindinsa, ya tsaga ɗan itacen da zai karɓe shi, ya haɗa su, ya ɗaure tamau. Bayan 'yan makonni, idan auren ya kama, ruwan da saiwa take jawowa daga ƙasa sai ya fara hawa cikin baƙon reshen, har ya yi toho. Amma reshen da aka jingina kawai ba tare da yanka ba, ko ya shekara a wurin, ba zai sha daga saiwar ba.

Manzo Bulus ya kawo wannan misali a Romawa 11:17-24, sai dai shi da itacen zaitun ya yi. Akwai abin lura a ciki. Manomi yakan ɗauko reshen iri mai kyau ne ya ɗaura a kan itacen da ba a damu da 'ya'yansa ba. Allah kuwa ya juya al'amarin: reshen jeji ya ɗauko, wato al'ummai, ya ɗaura a kan itace mai kyau. Ashe reshen bai zo da komai ba, alheri ne kurum. Ubangiji Yesu ma, a daren da aka bashe shi, ya kwatanta kansa da itacen inabi, almajiransa kuma rassa, ya nuna cewa ran reshe da 'ya'yansa duka sun dogara ga zamansa a jikin itacen (Yahaya 15:1-8).

To, mece ce wuƙar? Ita ce miƙa kai. Mutum yana da tsohuwar saiwa da yake sha daga gare ta: son kansa, wayonsa, dukiyarsa, sunan gidansu. A Galatiyawa 2:20 Bulus ya lissafta kansa wanda aka gicciye tare da Almasihu, har ya zama Almasihu ne yake rayuwa a cikinsa. A Romawa 12:1 kuma ya roƙi masu bi su miƙa jikunansu hadaya mai rai. Ragon da aka yanka a Haikali ba shi da sauran zaɓi, amma mai rai yana da nufinsa kowace safiya. Shi ya sa a Luka 9:23 aka sa ɗaukar gicciye ya zama aikin kowace rana. Mutum yakan fita gaba a taron falkaswa, ya durƙusa da hawaye, ranar Litinin kuma ya koma kasuwa ya ci gaba da auna wa mutane da mudun da ya daddaƙe gindinsa. Jingina ya yi, ba a yanka shi ba tukuna.

Kada wani ya ɗauka cewa zama ɗaya da Allah shi ne mutum ya zama Allah, ko ya narke ya ɓace kamar gishiri cikin miya. Mahalicci yana nan Mahalicci, bawa kuma bawa. Bitrus bai daina zama Bitrus mai zafin nama ba. Zafin ne ya sami sabon ubangida. Miƙa kai kuma ba ya hana mutum faɗin abin da yake zuciyarsa. A Getsamani sau uku Yesu ya yi addu'a a kan ƙoƙon wahala, ya faɗi abin da yake so, sa'an nan ya sa nufinsa ƙarƙashin nufin Uba (Matiyu 26:36-44).

A cikin gida ne wannan koyarwa ta fi ciwo. Ba wuya uba ya fitar da zakkar masararsa ya kai majami'a. Wuyar tana zuwa ranar da yaro ya kwanta, asibiti bai gano ciwon ba, dangi kuma suka fara raɗa sunan wani boka. Tana zuwa ranar da ɗan da aka sayar da shanu aka kai jami'a ya dawo ya ce Ubangiji yana kiransa aikin bishara a ƙauyen da ba albashin kirki. A nan ake sanin saiwar da gidan yake sha. Hannatu ta yi shekaru tana kuka don ta sami ɗa, da ta yaye Sama'ila kuwa ta kai shi Shilo da hannunta, ta koma gida ba shi (1 Sama'ila 1).

Tarihin ikkilisiya a ƙasar nan yana da irin wannan uwa. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kai bishara can cikin ƙasa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Mahaifiyar Gowans, Margaret, wadda take zaune a Kanada, ita ce ta zuga Bingham ya bi ɗanta. A 1894 rashin lafiya ya kashe Gowans a Girku, Kent kuma a Bida, ba su kafa ko majami'a ɗaya ba. Bingham ya koma shi kaɗai, ya je wurin uwar da 'yan kayan ɗanta. Ba ta zarge shi ba, ba ta kuwa janye hannu daga aikin ba. Ta ci gaba da addu'a da goyon baya. Ya sāke gwadawa a 1900, ciwo ya sāke koro shi. Sai a 1902 aka kafa tashar mishan ta farko a Patigi, a bakin kogin Kwara. Daga wannan aiki na SIM ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954, shekara 60 bayan an binne Walter.