Kafin ka miƙa wa ɗan kasuwa shafinsa, ka gwada shi a wayar da ba taka ba

Kai da ke zaune a Komah kana gina wa 'yan kasuwar Sokode shafukan sayar da kaya, ka san inda gizo ke saƙar. Shafi ya yi kyau a kwamfutarka, amma ɗan garin da ke Jamus, mai son saya wa iyayensa buhun shinkafa, ya buɗe shi a iPhone sai maɓallin biya ya ɓace. Ba za ka iya sayen kowace waya ba, ba kuma sai ka saya ba. Kamfanoni irin su Sauce Labs, da aka kafa a 2008, da BrowserStack, da ya fara a Mumbai a 2011, suna ba da hayar kwamfutoci da wayoyi na gaske ta intanet. Kai ka rubuta gwaji, su su gudanar da shi a Chrome da Safari da Firefox, su dawo maka da bidiyon abin da ya faru.

Ka fara daga gida. Ka rubuta gwajin da Selenium ko Playwright, ka ga ya yi aiki a kwamfutarka tukuna. Bayan haka canjin kaɗan ne: ka nuna wa gwajin adireshin kamfanin, ka ba shi sunanka da mabuɗinka na sirri, ka faɗi irin na'urar da kake so. Mabuɗin nan kada ka kuskura ka rubuta shi cikin rubutun manhajar, domin duk wanda ya gan shi zai ci kuɗin hayarka. In shafin bai hau intanet ba tukuna, akwai BrowserStack Local da Sauce Connect, masu buɗe wa na'urorin can hanya zuwa kwamfutarka.

Ga inda nake so ka natsu. A Selenium, kowane umarni sai ya tashi daga wurinka ya je can ya dawo. In layi ya yi rauni ko aka ɗauke wuta, gwajin zai faɗi alhali shafin lafiya lau yake, ka kwana kana neman cutar da babu ita. Maganin shi ne ka sa GitHub Actions ya riƙa tayar da gwajin duk lokacin da ka tura sabon gyara. Ta haka aikin bai dogara da wutar unguwarku ba, kuma can akwai wurin ɓoye mabuɗi. Sannan ka daina cewa gwaji ya jira daƙiƙa 5. Ka ce ya jira har maɓallin ya bayyana.

Da dala ake biyan hayar nan, kuma farashi na hawa gwargwadon yawan gwajin da kake son ya gudana lokaci guda. Saboda haka ka taƙaita: rajista, neman kaya, sa kaya a kwando, biya. Ka cika fom da sunayen mutanenmu, masu ɗ da ƙ na Hausa, da ɖ da ɛ da ɔ na Tem, da é na Faransanci, ka ga ko sun fito daidai a rasit. Ka gwada lambar waya mai +228 da lambobi 8, da farashi a sefa.

Wajen biya, kada ka sa kuɗin gaske. Flooz da TMoney, wanda ya koma Mixx by Yas a 2024, suna neman mai waya ya sa lambarsa ta sirri da hannunsa, na'ura ba za ta yi masa ba. Ka nemi asusun gwaji daga kamfanin da ke haɗa ka da su.

Abin da hayar nan ba za ta ba ka ba shi ne Dapaong. Wayoyin kamfanonin na zaune ne a ɗakuna masu intanet mai gudu. Igiyar intanet ta Google mai suna Equiano ta sauka Lome a 2022, amma tsakanin Lome da Dapaong akwai sama da kilomita 600, kuma mai sayenka a can yawanci Itel ko Tecno ke hannunsa, yana tattalin data. Ka kunna tsarin rage gudun layi da kamfanonin suka tanada, zai taimaka, sai dai kwaikwayo ne. Don Allah, kafin ka ce wa ɗan kasuwar aiki ya kammala, ka tura adireshin shafin ga wani ɗan'uwa a Dapaong ko Cinkasse, ya yi saye ɗaya da wayarsa, ya gaya maka tsawon lokacin da ya jira.